Kunama Da Kube: Hakkin Da Ke Kan Mai Ɓoye Makami

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, jama'ar Gwaram ba su manta da harin da 'yan bindiga suka kai wa garinsu a shekarar 2014 ba, inda aka kashe 'yan sanda. Irin wannan tsoro ne ke sa wasu fatake a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu sha'awar ƙaramar bindiga wadda za ta ɓuya cikin riga. Ga shi kuwa waya ta kawo mana gardamar mutanen Amurka a kan wace irin kunama ta fi, wane irin kube kuma ya dace. To, shin wannan zaɓi sha'anin gwaninta ne kurum, ko kuwa akwai hakkin bayin Allah a cikinsa?

Da farko dai a san doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin makaman da ba a mallaka sai da lasin Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsu lasinta na wurin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka kuwa, irin ta mafarautanmu, na wurin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Bin shugabanni cikin abin da zai tsare jini wajibi ne. Saboda haka maganarmu ta shafi wanda hukuma ta ɗora wa ɗaukar makami ne, amma darasin ya game duk mai wuƙa a damtse ko adaka a kafaɗa.

Kunama iri-iri ce. Akwai mai taushi, wadda ja na nauyin kilo 2 ya isa ya tashe ta. Akwai mai tauri da dogon ja, wadda sai an matsa kusan kilo 5, domin ita ke ɗana bindigar kuma ita ke sakinta. Ta farko ta fi sauri da saiti, ta biyu ta fi ba yatsa damar fasawa. Kube ma haka: akwai mai tauri wanda ke rufe kunama ruf, akwai na fata mai laushi da ke lanƙwashewa, akwai kuma wanda ba ya ko kula da kube, sai ya soke ta a ƙugu. Wannan na ƙarshe, mazagin wando ko haɓar riga na iya shiga zoben kunama, bindiga ta tashi ba da nufin kowa ba.

Ya 'yan'uwa, Sunna ba ta bar wannan babi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu, don kada ya ji wa wani ciwo. Sun kuma ruwaito hani ga nuna ɗan'uwa da makami, domin Shaiɗan na iya fizgar hannu. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo hani ga miƙa takobi tsirara. A lura, duk waɗannan hukunce-hukunce an yi su ne don tsare wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Makamin ɓoye kuwa ya fi nauyin hakki, domin wanda ke gogayya da kai cikin cunkoson kasuwar Sara, ko a sahun Juma'a, bai san abin da ke jikinka ba balle ya kauce. Tsaronsa duka ya koma wuyanka.

Wani zai ce, ai kunama mai tauri tana jinkirta mutum, tana kuma karkatar da saiti. Gaskiya ne, kuma maganin haka yawan horo. Amma a auna: ranar haɗuwa da ɗan fashi mai yiwuwa ba za ta zo ba har abada, alhali kwanakin zama cikin iyali da maƙwabta kullum ne. Malamanmu na Malikiyya ma, da suka halatta tunkuɗe mai kawo hari, sun ce a fara yi masa gargaɗi in yana fahimta. Ashe Shari'a da kanta ta sa ɗan jinkiri tsakanin tsoro da kisa. Hausawa kuwa suka ce sauri ya haifi nawa.

Kada kuma a fake da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, watau 'yanta wuya ko azumin wata 2 a jere. Diyyar kuwa raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Wanda bai yi nufi ba ma ke nan, ina ga wanda ya zaɓi sakaci da idonsa biyu?

Don haka wanda aka ba wannan amana ya zaɓi kube mai rufe kunama, da kunamar da ba ta riga hankalinsa, ya kuma nisantar da yatsa sai larura ta tabbata. Mai saurin fushi kuwa ya bar makami ɗungum, domin babu baduku mai ɗinka wa zuciya kube.

Allah Ya tsare mu da ɗaukar jinin wani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.