Sabon Ƙarfe A Jikin Tsohuwar Jita

A majami'u da yawa yanzu akwai jita mai tsirkiya huɗu da babbar murya, wadda a ke ce da ita bas. Wani mutumin Amurka, Leo Fender, ya fito da irin da ya kira Precision Bass a shekara ta 1951, da Jazz Bass kuma a 1960. A 1965 aka sayar da kamfaninsa ga CBS. Har yau waɗanda aka ƙera kafin cinikin nan sun fi daraja ƙwarai wurin masu saye.

To, abin da hannu ya yi ya kan tsufa. Ƙarfen ɗaure tsirkiya ya ci tsatsa, siririyar wayar tagulla da ke naɗe a kan maganaɗisu ta tsinke, abin murɗa murya ya daina aiki. Mai gyara fa, ƙaƙa za ya yi?

Masu wannan sana'a suna da hanyar gane na asali. A gindin wuyan jita maƙeran Fender su kan rubuta kwanan wata. A jikin abin murɗa murya kuma akwai lambobi: uku na fari suna nuna ma'aikatar da ta yi shi, watau 137 ta CTS ce, 304 ta Stackpole, sauran kuwa shekara da mako. Amma na asali ƙarewa su ke yi. Sau da yawa ba a samun ɗaya sai an farke wata tsohuwar jita, a kashe wannan domin a rayar da waccan. Katakon rosewood na Brazil da a ke shimfiɗawa a kan wuyan, tun 1992 dokar duniya ta CITES ta tsananta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Saboda haka tilas wani lokaci a sa sabo. Laifi ne? Mu dai ba mu ga laifi ba. An yi jita domin a kaɗa ta ne. Wadda aka sa mata sabon ƙarfe tana bi da waƙa ran Lahadi ta fi wadda komenta na asali ne amma tana kwance bebiya cikin akwati.

Ga inda zunubi ya ke shigowa. Akwai masu ɗaukar sabon ƙarfe su jiƙa shi da ruwan gishiri har ya yi tsatsa, su goge lamba su buga wata, kāna su ce na 1962 ne. Wani za ya ce, "Ai muryar ɗaya ce, mai saye ma ya tafi yana murna, wa aka cuta?" An cuce shi mana. Ya ba da kuɗin abu ɗaya, ya karɓi wani. Murnarsa a kan rashin sani ta ke zaune, ranar da ya kai jitar wurin masani kuwa za ta zama baƙin ciki. Kamfanin Fender da kansa tun 1995 yana yin sababbin jita da a ke kuje su da gangan su yi kama da tsofaffi, yana kuwa faɗi a fili sababbi ne. Wannan ciniki ne na gaskiya, gama mai saye ya san abin da ya saya.

Mu tuna da Hananiya da Safiratu cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Gonar tasu ce, kuɗin kuma nasu ne. Da sun kawo rabi sun ce rabi ne, da ba abin da ya same su. Suka kawo wani sashi da sunan duka. Misalai 11:1 kuma ya koya mana yadda Ubangiji ya ke ƙyamar ma'aunin algus.

Maganan nan ba ta masu jita kaɗai ba ce. Cikinmu akwai makanikai, da masu gyaran keke da agogo da rediyo, da teloli. Kowannenmu ya san sa'ar da mai kaya ya ba da baya, ba mai gani sai Allah. In na asali ya samu, a sa shi. In bai samu ba, a sa wanda ya samu, a gaya wa mai kaya, a karɓi kuɗin da ya yi daidai da shi. Masu gyara na kirki su kan ƙulle tsohon ƙarfen da suka cire cikin 'yar jaka su mayar wa mai shi, tare da takardar abin da aka sāke. Wannan hali ya dace da mai bi.

Za a yi hasara, ba mu musu ba. Mai faɗin gaskiya za ya sayar da araha abin da maƙwabcinsa ya sayar da tsada, wataƙila kuwa a watan da kuɗin makarantar yara ya ke jiransa. Amma mu da kanmu gyararru ne. Ubangiji ya same mu a lalace, ya sa mana sabuwar zuciya, kuma ba mu jin kunyar shaida wannan a gaban jama'a. Wanda ya ke faɗin haka ran Lahadi, ƙaƙa za ya ɓoye gyaran hannunsa ran Litinin? Allah shi ba mu ikon faɗin gaskiya a bakin ciniki. Amin.