Haƙƙin Bayani a Kan Mai Riƙe da Kuɗin Jama'a

Takardar naira ba ta da daraja a karan kanta sai alkawarin da hukuma ta ɗauka cewa abin da ta saya yau za ta saya gobe, saboda haka riƙon ta amana ne, kuma amana tana tafe da haƙƙin bayani. A watan Nuwamban 2023 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso, ya sanar cewa bankin zai koma tsarin ƙayyade hauhawar farashi, wato ya fito fili ya faɗi iyakar da yake so tashin farashin kaya ya tsaya, sannan ya riƙa ɗaga kuɗin ruwa ko sauke shi har a kai ga wannan iyaka. Rabin ƙarfin tsarin magana ce, domin idan 'yan kasuwa suka gaskata banki ba za su riƙa ƙara farashi don tsoron gobe ba.

Abin tambaya shi ne ko mai bayani ya sauke nauyi da zarar ya furta, ko sai mai sauraro ya fahimta. Malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, sun tafi a kan cewa hujja ba ta tsayuwa a kan mutum sai saƙo ya isa gare shi ta hanyar da zai gane, kuma idan aka ɗora sanarwar bankin a wannan ma'auni za a ga ta gaza. Lokacin da aka kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bayanin ya fito ne da Turancin masana, alhali manomin masara na Birnin Gwari, wanda galibi yake ƙyamar bashi da ruwa saboda haramcin riba, abin da ya sani shi ne kuɗin buhun taki da farashin tiya ranar kasuwa.

Sauyin takardun kuɗin da gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar ranar 26 ga Oktoban 2022 ya nuna illar hakan ƙarara. Daga cikin dalilan da aka bayar har da toshe kuɗin fansa da ake kai wa 'yan bindiga a dazuzzuka irin su Kamuku, amma mutanen da aka ce ana so a kare, irin su na Birnin Gwari, waɗanda aka katse wa layukan waya a 2021 kuma hanyarsu ta zuwa Kaduna take cike da haɗari, su ne aka bai wa wa'adin 31 ga Janairun 2023 su kai tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 banki. An ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu, shugaban ƙasa na lokacin ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za ta ci gaba da aiki, gwamnan Kaduna na lokacin Nasir El-Rufai ya ce a ci gaba da karɓar duka, sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a bai wa jama'a isasshiyar sanarwa ba, ta tsawaita amfani da tsofaffin takardun zuwa ƙarshen shekarar.