Baban Fada da Baban Zamani: Shin Yarda Tana Halatta Wuƙa?

A rubuce kalmar baba guda ɗaya ce, amma a bakin Bahaushe ta kai uku ko fiye. Akwai baba mahaifi, akwai baba na marina, akwai kuma baba na fada, wanda jam'insa babanni, wato namijin da aka fiɗiye tun yana yaro aka kai shi gidan sarauta. Karin sauti da tsawon wasali ne suka raba su, rubutun boko kuwa bai damu da nuna waɗannan ba, shi ya sa mutumin da aka haramta wa haihuwa har abada yake ɗauke da haruffa huɗu irin na uba. Wannan ma'ana ta uku ta kusa fita daga bakin yaranmu, kuma da so samu ne a bar ta ta kwanta tare da zamanin da ya haife ta. Sai ga shi ta taso daga inda ba a zata ba, daga jami'o'in Kanada da Amurka.

A shekara ta 2007 wata mujallar likitoci mai suna Journal of Sexual Medicine ta buga binciken da Richard Wassersug na jami'ar Dalhousie ta Kanada da Thomas Johnson, masanin al'adun ɗan Adam a Kaliforniya, suka yi tare da abokan aikinsu. Sun tattara amsoshin wasu maza na wannan zamani waɗanda suka nemi a dandaƙe su bisa son ransu, ba don ciwo ba, ba don hukunci ba, babu kuma ubangijin da ya tilasta musu. Wasu da magani suka yi, wasu da wuƙa, kuma da yawa ba a hannun likita ba. Masu binciken sun lura da wasu abubuwa da ke yawan fitowa a tarihin waɗannan mutane, daga ciki akwai cin zarafi tun suna ƙanana, har da iyaye masu tsorata yaro da cewa za su yanke masa gaba, da tarbiyyar addini mai ɗaukar sha'awa a matsayin ƙazanta, da kuma ganin ana dandaƙar dabbobi a ƙuruciya. Wannan na ƙarshe sai a ɗauke shi da hankali, domin da ganin fiɗiyar bunsuru kaɗai yana sa haka, da babu ƙauyen da zai tsira tun daga Tasawa har Mayahi, inda kowane yaro ya san yadda ake mai da bunsuru taure. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa wasu daga cikinsu sun ce ba su jin kansu maza, ba su kuma neman zama mata. Su dai a kira su babanni. A watan Satumba na 2022 ƙungiyar masana ta duniya da ake kira WPATH ta fitar da bugu na 8 na ƙa'idodinta na kula da lafiya, ta keɓe babi guda ga irin waɗannan mutane, tana mai cewa idan likita ya rufe musu ƙofa, da hannunsu za su yi wa kansu aika-aika. Babin ya sha suka, har daga likitoci.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa: wannan haukan Turawa ne, ina ruwanmu? To, laifi tudu ne. Kafin mu hango na wani, bari mu dubi wanda muke tsaye a kansa, mu da ke zaune a kan hanya tsakanin fadar Maraɗi da fadar Damagaram.

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ɗora babanni a kan manyan muƙaman ƙasa, har da na ma'aji. A Zazzau ta Haɓe, Galadima da Wambai da Dallatu babanni ne, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960. Shi dai wannan Smith, a nazarinsa na 1967 kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, ya nuna cewa a cikin manyan rukunan sarauta huɗu masu zaɓen sarki, wato Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, Galadiman baba ne. Wannan tsari ne da sarakunan Katsina suka taho da shi bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu, suka ratso ta Damagaram da ƙasar Tasawa kafin su kafu a Maraɗi. A Damagaram kuwa abin ya kai har zamanin Nasara. A 1906 da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, Ballama suka ba riƙon ƙasa, baban fada, shekara ɗaya tak bayan dokarsu ta 1905 da ta hana bauta a Afirka ta Yamma. Sai a 1923 gadon ya koma ga gidan sarauta.

Me ya sa sarki ke son baba? Ana cewa don tsaron mata, kuma gaskiya ne, amma wannan ƙaramin dalili ne. Babban dalilin shi ne baba ba shi da ɗa, ba shi da dangi, ba shi da suruki. Duk abin da ya tara, in ya mutu fada zai koma. Ba zai ƙwace gado don zuriyarsa ba, tunda babu zuriyar. An yanke shi daga iyayensa da bauta, an yanke shi daga ƴaƴansa da wuƙa, ya zama ba shi da kowa sai sarki. Amanar da ake yabonsa da ita daga wannan rashi aka ƙera ta. Su ma Faransawan 1906 lissafin da suka yi ke nan: mutumin da ba shi da gida ba zai tara musu gida ba.

Sa'an nan ga wani abin kunya da ya kamata malamin tarihi ya faɗa a fili. Shari'ar Musulunci ta hana fiɗiye ɗan Adam, ɗa ne ko bawa. Sai aka samo dabara: a bar wasu su yi aikin can nesa, mu kuma mu sayi abin da ya fito. Jan Hogendorn, a wani nazari da ya buga a 1999 kan tattalin arzikin wannan mummunan ciniki, ya bi diddigin wuraren da ake yi, ciki har da Bagirmi da ƙasar Mosi. Matafiyan ƙarni na 19 sun ba da labarin cewa mafi yawan yaran da aka yanka ba su tashi, zubar jini da ruɓewar rauni ke kashe su, kuma tsadar baba a kasuwa daga nan take, domin kuɗin wanda ya rayu yana biyan hasarar waɗanda suka mutu. Hannun mai saye bai taɓa wuƙa ba, amma dukiyarsa ce ta wasa ta.

A nan ne nake rabuwa da masu binciken zamani. Sukan tunatar da mu cewa babanni sun yi mulki a Sin da Rum ta Gabas da daular Usmaniyya, sun riƙe taskoki, sun ja rundunoni, don haka sunan ba abin kunya ba ne, matsayi ne mai tsohon tarihi wanda mutum zai iya zaɓa. Ba na musun tarihin, na ma ƙara musu da Galadiman Maraɗi. Abin da nake musu shi ne aron. Rawanin Galadima bai nuna cewa ya gano ko shi wane ne ba. Ya nuna dai an biya shi diyyar abin da ba a tambaye shi ba kafin a ɗauke. Duk wanda ya ɗauki rigar baban fada ya yafa wa mutumin da ya zaɓa da kansa, ya rufe yaron da aka danne a ƙasa yana kuka. Suna ɗaya ne, amma babu abin da ya haɗa mutanen biyu sai tabo.

Saura tambayar kanta. Baligi mai hankali ya ce jikina ne, na yarda. Shin yardarsa ta wadatar? John Stuart Mill, a littafinsa na 1859 kan ƴanci, ya tsaya a kan cewa mutum shi ne sarkin jikinsa muddin bai cutar da wani ba. Amma shi da kansa ya ja layi a wuri guda: bai yarda mutum ya sayar da kansa bawa ba, domin ba a amfani da ƴanci a kashe ƴanci. Kant kuwa tun a 1797 ya kawo misalin da ya yi daidai da maganarmu, na mai yarda a fiɗiye shi don ya ci abinci da zaƙin murya, kamar yadda ake yi wa yaran mawaƙa a Italiya, ya kuma lissafa hakan a cikin kashe wani sashe na kai. Addinai sun riga su. Taron manyan Kirista na Nikiya a shekara ta 325, dokarsa ta farko ita ce hana wanda ya fiɗiye kansa zama limamin coci. A wurinmu, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Usmanu ɗan Maz'un ya nemi izinin ƙaurace wa aure don ibada, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuma ya ce da an ba shi izini da sun fiɗiye kansu. A duba da kyau: masu wannan tunani ba fasiƙai ba ne, sahabbai ne masu neman tsarki, kuma duk da kyawun niyyarsu ba a buɗe ƙofar ba.

Ra'ayina ya karkata nan, ba don tsoron sabon abu ba. Yarda abu ce ta yau, wuƙa kuwa ta har abada ce. Saurayi ɗan shekara 25 yana yanke hukunci a madadin dattijo ɗan shekara 60 wanda bai iso ba tukuna, ba a kuma ji ta bakinsa ba. Shi ne zai zauna da raunin ƙashi, da kasala, da rashin haihuwa. Kuma idan binciken da kansa ya nuna cewa wannan buri yakan tsiro daga duka da barazana da tsoron zunubi, to wa ya yarda? Mutumin, ko kuwa wanda ya tsorata shi yana ɗan shekara bakwai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne, amma ba kullum ne ya san abin da ya huda rufin ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa binciken kansa ɓata lokaci ne ko ɓatanci. Mutumin da ya kai ga ɗaukar reza a kan jikinsa yana cikin azabar da dariyarmu ba za ta rage ba, kuma likitan da bai taɓa jin labarinsa ba ba zai iya taimakonsa ba. Akwai ma wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. Tun 1941 Charles Huggins ya gano cewa tsayar da sinadarin mazakuta yana rage gudun dajin furostat, ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1966. Har yau ana yi wa dattawa wannan magani, da allura ko da tiyata, kuma Wassersug kansa ta wannan ƙofa ya shigo fagen, yana majinyaci, bai kuma ɓoye ba. Irin waɗannan dattawa suna cikin garuruwanmu. Sun yarda ne don larura, shari'a da hankali duk sun ba su uzuri, amma sukan dawo gida da wani shiru wanda ko uwargida ba su iya buɗe wa. A ƙasar da ake auna namiji da yawan ƴaƴa da yawan ɗakuna, wannan shiru ya fi allurar zafi. Idan bincike zai koya mana cewa mutunci bai rataya a kan maraina ba, ya yi mana aiki, ko da mun ƙi sauran abin da ya zo da shi.

Ba mu ma daina tunanin wuƙar ba. A watan Satumba na 2020 jihar Kaduna ta Nijeriya ta sa dandaƙa a cikin hukuncin wanda aka kama da laifin fyaɗe ga ƙananan yara, kuma mutane da dama sun yi tafi, har a wannan gefe na iyaka. Fushin da ya haifi dokar fushi ne na gaskiya. Sai dai abin lura ne cewa al'ummar da hankalinta ke tashi in ta ji wani ya roƙi wuƙa, ba ta cika damuwa ba in hukuma ce ta ɗora masa.

A 1721 Montesquieu ya sa wa babannin Farisa magana a baki a cikin Lettres persanes, suna bayyana ɗacin ransu, amma Bafaranshe ne ke magana a madadinsu. Tarihin Kano bai yi ko wannan ba. Ya ce Sarkin Nupe ya aiko wa Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000, kuma ita ce ta fara mallakar waɗannan abubuwa biyu a ƙasar Hausa. Da goro aka ƙidaya su, a jimla ɗaya. Marubucin bai kawo sunan ko ɗaya ba, bai kuma lissafa yaran da aka bizne kafin a cika arba'in ɗin ba.