Izinin Yini Ɗaya da Hukuncin Giya

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma cikinsu akwai ba da lasisin sayar da giya da sa ido a kai. Wato a takarda, shugaban ƙaramar hukumar Sabon Birni ko ta Isa yana da wannan hurumi kamar takwaransa na Legas. Amma a 2000 jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, wanda shi kansa ɗan ƙasar Isa ne. To, a ce baƙon da ba Musulmi ba zai yi biki ko taron 'yan garinsu, ya je sakatariya yana neman a yarje masa sayar da giya na yini ɗaya tak. Shin gajartar lokacin tana sassauta hukunci? Amsata ita ce ba ta sassautawa, kuma hukuma tana iya kare haƙƙin wannan baƙo ba tare da ta buga masa hatimi ba.

Haramcin giya ya rataya ne a kan abin da ke cikin kwalbar da kuma cinikinsa, bai rataya a kan yawan sa'o'in da aka yi ana cinikin ba. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kanta ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Jami'in da ya yanka rasit ya zuba kuɗin a asusun ƙaramar hukuma zai sha wahalar nuna cewa yana wajen wannan sahu. Wasu kan kafa hujja da cewa ai Alƙur'ani ma daki-daki ya haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i, sannan Ma'ida. Haka ne, sai dai matakan nan hanya ce da aka bi aka ƙare. Da ayar ƙarshe ta sauka, mutanen Madina kwararar da ita suka yi a titi, kuma da Abu Ɗalha ya yi tambaya game da giyar da wasu marayu suka gada, aka umarce shi ya zubar. Idan dukiyar maraya ba ta sami jinkirin kwana ɗaya ba, da wuya shagalin biki ya samu. Larurar da malaman Malikiyya suka sani ita ce ta wanda loma ta shaƙe shi, ga mutuwa, ba ruwa kusa.

Ƙalubale mafi nauyi shi ne na wanda ba Musulmi ba, kuma a nan ne masu zafin kai kan zarce iyaka. Fiƙihun Malikiyya bai ce a kutsa gidan ɗan amana a fasa masa tulu ba. Hasali ma, a wajen Malikiyya da Hanafiyya, Musulmin da ya ɓarnatar da giyar ɗan amana sai ya biya shi, muddin bai fito da ita bainar jama'a ba. Maguzawa sun zauna a ƙarƙashin daular Usmaniyya suna jiƙa dawa, suna dafa burkutu, suna zagaya ƙoƙo a bukukuwansu. Ko dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960, Musulmi kaɗai ta hukunta a kan shan giya, a sashe na 403. Abin lura shi ne, duk wannan ƙyalewa ce, kuma ƙyalewa daban take da ba da izini. Mai ƙyalewa yana cewa wannan ba huruminsa ba ne. Mai ba da izini kuwa ya sa hannunsa, ya sa farashi, ya mai da hukumar da talakawa Musulmi suka zaɓa abokiyar ciniki. Taron da ake sayarwa ba shi da ƙofa irin ta gida, duk yaron da ke da kuɗi a aljihu zai iya shiga.

Za a ce hani ba ya kashe kasuwa, gefe kawai yake tura ta. Gaskiya ne, balle a ƙasar Gobir, inda iyaka ta raba dangi biyu, waɗansu a Sabon Birni, waɗansu a Tsibiri ta Nijar. A Nijar doka ba ta hana giya ba, kuma kwali ɗaya cikin buhu a bayan babur ba ya buƙatar fasfo. Amma Maraɗi kanta ta nuna iyakar ƙarfin lasisi: a watan Nuwamban 2000, lokacin bore kan bikin nunin tufafi na FIMA, an far wa mashaya a garin, takardunsu ba su tsare su ba. Wancan ta'adi ne da shari'a ba ta yarda da shi ba, sai dai ya nuna hatimi ba ya sayo yardar unguwa.

Inda masu neman lasisi suke da gaskiya shi ne, ƙyalewar da ba a rubuta ba takan zama gonar cin hanci, yau a kau da kai, gobe a kama mutum a ce ya kawo na goro. Maganin wannan shi ne jiha ta rubuta ƙarara cewa wanda ba Musulmi ba, a cikin gidansa, tare da baƙinsa, ba ɗan sanda ko ɗan Hisba da zai taɓa shi, kuma ba sisin da zai biya. Ƙarfin da ya rage sai a juya shi kan Tramadol da sauran ƙwayoyi, waɗanda su ne ke bugar da matasan wannan yanki har da 'yan bindigar daji, kuma masu sayar da su ba sa zuwa sakatariya neman izini.