Abin da ba ya amfanarmu, yana da haƙƙin zama?

Ya kai mai karatu, ga tambaya. In akwai tsuntsun da ba a cin namansa, ko iccen da ba a shan ƴaƴansa, ba a kai shi kasuwa, kuma ya kusa ƙarewa a duniya, shin wajibi ne mu wahala wajen tsare shi? Kada ka yi saurin amsawa. Bari mu tafi wani wuri mai nisa inda aka riga aka gwada abin, mu ga yadda ta kaya.

Tsibirin Moris

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Moris yana cikin tekun Indiya, kusan kilomita 900 gabas da Madagaska. Tsawonsa kamar kilomita 65 ne, faɗinsa kamar 45. Da can babu mutum ko ɗaya a cikinsa, babu kare, babu kyanwa, babu ɓera. Daji ne kawai da tsuntsaye da manyan kunkuru.

Akwai wani tsuntsu a can mai suna dodo. Ba dodon tatsuniya ba ne, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Dangin tantabara ne, amma ya fi talotalo girma. Ba ya tashi sama, a ƙasa yake yin ƙwai, kuma bai san tsoron mutum ba, don bai taɓa ganin maƙiyi ba.

Jiragen ruwan mutanen Holan sun sauka tsibirin a 1598, suka kafa zama a 1638. Suka kama dodo suna ci. Amma babbar ɓarna ba daga tukunya ta fito ba. Jirage sun kawo ɓeraye da aladu da birai, waɗannan suka bi daji suna shanye ƙwan da ke ajiye a ƙasa. Ganin ƙarshe da yawancin masana suka yarda da shi an yi shi a 1662. Ka lissafa: shekara 64 kawai tsakanin zuwan jiragen da ɓacewar tsuntsun. Yau ko da kuɗin duniya duka ba ka samun dodo mai rai.

Lura da abu guda. Babu wanda ya tashi da niyyar ƙarar da dodo. Kowa nasa guda ɗaya ya kama, yana cewa saura suna da yawa. Wanda ya kashe na ƙarshe ma bai san na ƙarshe ba ne. Ashe ana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa ba tare da mugun nufi ba.

Maganar mai musu

Wani zai ce: "To, mene ne a ciki? An sare dajin Moris an shuka rake, raken nan ya ciyar da mutane shekara da shekaru. An fesa maganin DDT don kashe sauro, zazzaɓin cizon sauro ya ja baya, yara suka rayu. In maganin ya cuci tsuntsaye, ai ran yaro ya fi ran tsuntsu."

Wannan magana tana da nauyi, kada ka raina ta. Ran yaro ya fi ran tsuntsu, babu shakka. Mai jin yunwa kuma ba a yi masa wa'azin tsuntsu. Amma akwai amsa uku da ya kamata ka auna.

Amsa ta farko: ba mu san amfanin komi ba

Kusa da gaɓar Moris, tazarar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, akwai wani ɗan tsibiri mai hekta kamar 26, ana ce da shi Ile aux Aigrettes, wato tsibirin balbelu. A nan ne ragowar dajin gaɓa na da ya tsira. Cikinsa akwai wani icce dangin kanyar da ka sani, mai baƙin katako. An hana saran shi, amma duk da haka bai yaɗu ba. Ƴaƴansa sai su faɗi gindin uwa su ruɓe a nan.

Me ya kawo haka? Da can manyan kunkuru ne ke cin ƴaƴan, su yi tafiya, su kasayar da ƙwallon a wani wuri. Amma matuƙan jirage sun kwashe kunkurun don guzuri, saboda yana daɗewa cikin jirgi ba ci ba sha, har ya ƙare ƙaf. Daga shekara ta 2000 aka kawo wasu manyan kunkuru irin na tsibirin Aldabra aka sake su a wurin. Sai ga ƙananan itatuwa suna tsirowa nesa da iyayensu. Wanda ya cinye kunkuru bai san manomin daji ya cinye ba. In haka ne, wa zai bugi ƙirji ya ce halitta kaza ba ta da aiki?

Amsa ta biyu: ba a cin iri

Kai manomi ne ko ɗan manomi, ka san wannan. Ko shekara ta yi tsanani, mai hankali yana ɓoye iri. Ya san damin da ya ci bana zai dawo baɗi, amma in ya ci iri ya ci gonar gaba ɗaya. Hausawa suka ce in ruwa ya zube ya bar tulu, da sauƙi. Kashe tsuntsu ɗaya zubar ruwa ne. Ƙarar da irinsa kuwa fasa tulu ne.

Mutanen Moris sun gane haka kafin tulu na biyu ya fashe. Suna da wani ƙaramin shaho da babu irinsa a ko'ina. Saran daji da DDT suka rage shi, har a 1974 guda 4 kawai aka san suna raye a daji. Wasu suka ce a bar shi, aikin banza ne. Wasu suka ƙi. Suka riƙa ɗaukar ƙwai suna ƙyanƙyashewa a hannu, suna kafa akwatunan sheƙa, suna korar ɓeraye. Shahon ya koma ɗaruruwa, kuma a 2022 ƙasar ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa. Ba a hana kowa abinci ba don a cece shi. Sau da yawa ba a tsakanin yaro da tsuntsu ake zaɓe ba, a tsakanin kulawa da sakaci ne.

Amsa ta uku: amana

A ce ma an tabbatar wata halitta ba ta amfanarmu da komi. Kai ka yi ta? Abin da ba ka iya yi ba, da wane iko za ka shafe shi? Ka tuna Annabi Nuhu, da ya ɗauki namiji da mace daga kowane iri cikin jirgi. Ba dabbobin yanka kaɗai aka shigar ba. Mun tarar da duniya cike, kamar baƙon da ya sauka gidan da aka share aka shimfiɗa masa tabarma. Waɗanda za a haifa bayanmu suna da rabo a ciki, kuma ba su nan balle su yi magana. Cin rabon wanda ba ya nan, ka san sunansa.

Sani kaɗai bai isa ba

A tsibirin Rodirig, kilomita kamar 560 gabas da Moris, akwai wani icce dangin kofi da aka ɗauka ya ƙare. Wajen 1980 wani malamin lakol ya nuna wa ɗalibansa hoton tsirran da suka ɓace, ya ce su duba ko za su gani. Wani yaro ya kawo reshe daga bakin hanya kusa da gidansu. Ashe shi ne, kuma gindi ɗaya tak ya rage. Shekara da shekaru mutane na wucewa ta gabansa, awaki na cin ganyensa, ba wanda ya san darajarsa sai da ido mai ilmi ya dube shi.

Amma ji abin da ya biyo baya. Da labari ya bazu, jama'a suka ce lalle magani ne, suka riƙa zuwa suna karya rassa suna ɓare ɓawo, har sai da aka kewaye shi da shinge bisa shinge. A 1986 aka kai reshensa lambun binciken tsirrai na Kew a Ingila, a 2003 aka samu iri, daga baya aka mayar da ƙananan itatuwa gida. Jahilci ya kusa kashe iccen nan, kwaɗayi ma haka. Ilmi yana buɗe ido, amma sai an haɗa shi da kame hannu.

Mu fa?

Ba mu da teku, amma muna da irin wannan alhaki. Raƙumin dawa na Afirka ta yamma ya ƙare a ko'ina sai a Nijar, wajen Kure kusa da Yamai. A 1996 guda 49 aka ƙirga. Da aka tsare su sun wuce 600, har a 2018 aka kai guda 8 Gadabeji cikin jahar Maraɗi. Gaskiya ne suna shiga gona su ci wake, kuma mai gonar yana da haƙƙin a saurari kukansa. In abin na kowa ne, bai kamata asarar ta faɗa kan mutum ɗaya ba. Amma maganin kukansa taimako ne, ba ƙarar da irin ba.

Yanzu da ka iya karatu da rubutu, ga aiki. Ka zauna da tsofaffin garinku, ka tambaye su itatuwa da ciyayi da namun dajin da suka sani a ƙuruciya waɗanda yau ba a gani. Ka rubuta sunayen a takarda, ka kawo ajin yaƙi da jahilci a karanta wa kowa. Wanda ya ɓace, a san ya ɓace. Wanda ya rage gindi biyu ko uku, a san inda yake, a yi masa shinge, a tara irinsa kafin damina. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.