Zumunta a Ƙafa Take

Karatu: Ibraniyawa 10:19-25

A wannan wuri Maganar Allah tana yi mana gargaɗi biyu: kada mu fasa taruwa, mu kuma riƙa lura da juna. Na farin muna kiyaye shi, gama ran Lahadi muna zuwa sujada. Na biyun fa? Mutum ya karɓi baftisma bana, baɗi a neme shi a rasa, ba kuwa wanda ya san ranar da ya soma ja da baya. Domin wannan ina so mu duba labarin waɗansu 'yan'uwanmu, watau Metodis. Mu na ƙasar Gwarzo da Kabo galibinmu ta hannun S.I.M. muka sami bishara, amma mai hankali ya kan koyi noma a gonar maƙwabcinsa.

An haifi John Wesley a Ingila cikin 1703. Ubansa fasto ne, shi ma ya zama fasto. Sa'ad da yake babbar makarantar Oksfod, shi da ƙanensa Charles da abokansu suka tsara wa kansu lokacin addu'a, da na azumi, da na ziyarar 'yan kurkuku. 'Yan makaranta suka laƙaba musu suna Metodis don ba'a, watau masu bin ƙa'ida. Duk da wannan himma Wesley bai sami salama ba. Sai ran 24 ga Mayu, 1738, a wani ƙaramin taro a Landan, ana karanta bayanin Martin Luther a kan wasiƙar Romawa, ya tabbata a zuciyarsa Almasihu ya ɗauke zunubansa. Ku lura, fasto ne mai ilimi, amma ayyukansa ba su cece shi ba.

Daga nan koyarwarsa ta tsaya a kan abu huɗu. Kowane mutum yana bukatar ceto. Kowane mutum yana iya samun ceto ta wurin alheri da bangaskiya, gama Yesu ya mutu domin duka. Mai bi yana iya sanin an gafarta masa. Kuma wanda aka cece shi dole ya yi ta girma cikin tsarki, yana ƙaunar Allah da maƙwabcinsa.

Cikin 1739 ya soma wa'azi a fili a birnin Biristol, talakawa dubbai suka tuba. To, wa zai yi kiwonsu? Amsar ta zo ta inda ba a zata ba. A 1742 bashin ginin ɗakin taronsu ya dame su. Sai aka raba jama'a ƙungiya ƙungiya, kowace wajen mutum 12, da shugaba guda wanda zai bi gida gida ya karɓi kwabo ɗaya kowane mako. Da shugabannin nan suka shiga gidaje, sai suka tarar wani ya koma shan giya, wani yana ciwo ba mai dubansa, wani kuwa ba ya ga maciji da ɗan'uwansa. Wesley ya ga ashe abin da yake nema ke nan. Aka sa wa ƙungiyar suna aji. Kowane mako 'yan aji su kan taru, a tambayi kowa yadda ransa yake a gaban Allah. Aji da aji suka zama jama'a, jama'o'i suka zama da'ira wadda mai wa'azi ke kewayawa, bisa duka kuma ga Babban Taro na shekara shekara, wanda aka fara a 1744. Wesley ya rasu a 1791, amma aikin bai mutu tare da shi ba.

Ran 24 ga Satumba, 1842, Thomas Birch Freeman, wanda ubansa baƙar fata ne, ya sauka a Badagiri, domin 'yantattun bayi da suka komo daga Saliyo sun roƙi a aiko musu da malami. Ekklesiyar Metodis ta Nijeriya ta sami mulkin kanta a 1962.

Yanzu sai mu juyo gida. Masu bi na wajenmu a warwatse suke, gida uku a wannan unguwa, gida biyar a waccan. Fasto guda ba shi iya taka kowace ƙofa, balle da damina. Da kaka ta wuce samari su tafi cin rani Kano ko kudu, wata huɗu ba wanda ya tambayi labarin bangaskiyarsu. Mace ta tuba ita kaɗai a gidan mijinta, tana shan gori dare da rana, ran Lahadi kuwa mu gaishe ta mu wuce. Ashe ba jinin waɗannan za a nema a hannunmu ba?

Ga shawarata ga dattawan ekklesiya. Ku rubuta sunan kowane mai bi, ku raba su goma goma bisa ga unguwanninsu. Ku sa musu shugaba mai tsoron Allah, ko bai je makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Manomi ya isa, uwa daga cikin Zumuntar Mata ta isa. Su taru sau ɗaya a mako a zaure ko gindin itace, su yi karatu da addu'a. Wanda bai zo ba, kafin kwana biyu a je gidansa. Wanda ya tafi cin rani, a san garin da yake, a haɗa shi da masu bi na can.

Amma ku yi hankali da abu biyu. Abin da ɗan'uwa ya faɗa cikin aji kada a ji shi a bakin rijiya, gama tsegumi ɗaya ya isa ya rufe bakin mutum goma. Shugaba kuma ya tuna shi makiyayi ne, aikinsa ya komo da ɓatacce da tawali'u, yana lura da kansa kada shi ma ya faɗi.

Kai mai karatu, wane ɗan'uwa ne ka kwana biyu ba ka gani a sujada ba? Kada ka jira fasto. Tashi ka je gidansa cikin makon nan. Ubangiji Yesu, Makiyayi Mai Kyau, shi ba mu zuciya irin tasa. Amin.