Ƙwai na Kasuwa, Farin Koko na Yaro

Jama'ar Karaye da Rogo, iyayena da 'yan'uwana, ina roƙon ku saurare ni. Ƙasarmu ba ta fatara ba ce. Masara da dawa da gyaɗa da waken suya muna noma su, ga kifin dam ɗin Challawa, ga zogale a bayan kusan kowane danga. Amma ku leƙa asibiti ranar awo ku ga yaran da ake zagaya wa ma'auni a damtse yana sauka kan ja: gashi ya yi laushi ya koma ja-ja, ƙafa ta kumbura, yaro ko kukan kirki ba ya iyawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Namu na ciki.

Na zauna a wani tsakar gida na ga uwa ta dama farin koko tsararo, ta zuba sukari, ta ɗura wa ɗanta ɗan wata tara. A gefenta kwando ne da ƙwai bakwai, an tara wa mai saye. Ba rashin so ba ne, wallahi. Abin da ta taso ta gani ke nan, kuma an tsorata ta cewa ƙwai na sa yaro sata. Koko yana cika ciki, amma ba ya gina jiki. Cokalin garin waken suya da aka soya, ko dakakken ƙuli-ƙuli, ko garin busasshen kifi, da ɗan manja, su za su mai da kokon nan abinci. Ƙwai ɗaya kuwa a dafa shi, a murmushe masa.

Ku kakanni, ku ne ake jin maganarku a ɗakin mai jego. Ku daina sa a tatse dakashi a zubar. Wannan nonon farko mai kauri shi ne rigakafin jariri na farko. Wata shida nono zalla, ko ruwa ban da shi, ko da a zafin bazara, domin nonon da ruwansa yake zuwa, ruwan randa kuwa shi ke kawo gudawa. Bayan nan a fara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda addininmu ya kwaɗaitar.

Magidanta, da ku nake yanzu. Matarka za ta iya haddace duk abin da malamar asibiti ta faɗa, amma in ka loda wa dillali buhunan waken kaf tun kaka, da me za ta yi aiki? Ka ware ko tiya goma ka bar mata a ɗaki. In ka tsaya wurin mai tsire da daddare, ka tuna mai goyon da ta kwana da tuwo miyar kuka ba mai. Ranar awo kuma ka ba ta kuɗin mashin, kada ka jira sai ƙafar yaro ta kumbura.